Jar Alkyabba a Kan Shinge

Dutsen ya miƙa cikin teku kamar mayafin da aka yar, kuma ta gefensa kaɗai jirgin masunta yake iya shigowa gaɓa. Mashigar siririya ce, dama da hagu duwatsu ne kwance a ƙarƙashin ruwa. Shi ya sa in lokacin dawowa ya yi, sai wani daga gida ya je ƙarshen dutsen ya tsaya da jan tufafi. Mai tuƙi ya daidaita jan da doguwar bishiyar kwakwa da ke bayansa, ya saki inji, ya shigo lafiya.

A gidansu, Uwar Biyu ce mai tsayawa. Alkyabbar surukarta ta gada, ja ce mai nauyi, ta sha faci, gishiri ya cinye bakinta.

Mijinta ya kwana biyu a teku. Bai san cewa kamfanin da ya sayi dutsen ya zagaye shi da waya mai ƙaya ba. Da hantsi hadari ya fara haɗowa, ta tabbata yau zai juyo. Ta ɗauki alkyabbar ta hau.

A bakin ƙofar shingen ta tarar da mai gadi cikin sabon kaki. Auta ne, ƙanin mijinta, wanda furfura ta fara yi wa sallama amma har yanzu gida bai daina kiransa Auta ba.

"Matar Yaya, ina zuwa da kayan tsoratar da tsuntsu?"

"Buɗe, Auta. Ba ka ga sama ba?"

"Na gani. Manaja ya ce ko akuya ta shiga, a bakin aikina."

"To ni ba akuya ba ce. Buɗe."

"Ki tsaya daga nan mana. Ai Yaya idonsa kamar na shaho."

"Daga nan? Kai da aka haifa a gidan jirgi kake faɗin haka? An sa maka hula, an cire abin da ke ƙarƙashinta."

Ya yi dariya, amma hannunsa na kan aljihun da makulli yake. Shekara da shekaru yana neman aiki kafin ya sami wannan, ita ma ta sani. Ita ce ma ta rage masa tsawon wandon kakin.

Ta leƙa ta cikin wayar. Can kusa da ƙarshen dutsen, amma a karkace zuwa hagu, an kafa ƙaton tankin ruwa. Ja ne wur.

"Auta, yaushe aka kawo wancan?"

"Jiya. Na magina ne."

"In yayanka ya hango ja cikin ruwan sama, me zai yi?"

Auta ya kalli tankin, ya kalli bishiyar kwakwar, ya bi layin da ido har cikin teku, inda ruwa ke farfashewa fari fat a kan duwatsu. 

"Buɗe."

"Bari in kira manaja tukuna."

"Kira shi. Ka ce ya gaya wa hadari ya dakata."

Yana laluben wayar salularsa, ta ninka alkyabbar biyu, ta yarfa ta a kan ƙayar shingen. Ta tattare zani, ta taka wayar ƙasa, ta ɗora ƙirji a kan alkyabbar.

"Matar Yaya! Ke fa kaka ce! Za ki karye!"

"In na karye ka rubuta wa manajanka cewa akuya ce."

Ta dira ciki da gwiwa. Da ta fizgo alkyabbar, wani yanki ya yage ya maƙale a ƙaya. Ba ta waiwaya ba. Ta bi ta tsakanin tulin yashi da bulo, ruwa ya fara sauka, har ta kai inda ƙafar surukarta ta saba tsayawa. Ta yafa alkyabbar, ta buɗe hannuwa, iska ta cika ta.

Can ta hango jirgin, ɗan baƙin abu yana hawa yana sauka. Hancinsa na kallon tankin. Ta yi ihu, iska ta maido mata da muryarta. Tankin ya fi ta girma, ya fi ta ja.

Sai ta ji ana jan abu a bayanta. Auta ne, hula ta tafi, yana janye da shuɗin tamfol ɗin da aka rufe siminti da shi. Ya hau tsani, ya lulluɓe tankin, iska ta ɗage, ya sake lulluɓewa, daga ƙarshe ya kwanta a kai ya danne da cikinsa.

"Kaɗa, matar Yaya! Kaɗa mana! Ko sai na sauko na koya miki?"

Ta kaɗa har kafaɗunta suka mutu. Jirgin ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan hancinsa ya juyo a hankali, ya daidaita da ita. Ba ta sauke hannu ba sai da ya wuce duwatsun, ta ji ƙarar injin a ruwa mai kwanciya.

Suka sauko tare, sharkaf. Simintin da ya rasa tamfol yana shan ruwa. A bakin ƙofa motar manaja na ta danna hon.

"Shi ke nan, kakin ya tafi," in ji Auta.

"Akwai wuri a jirgin yayanka. Amai kawai za ka daina."

Ya miƙa hannu zai ciro jan ƙyallen da ya maƙale a ƙaya. Ta buge hannun.

"Bar shi nan, su san ta inda na shiga. Yanzu buɗe min, ta ƙofa zan fita. Ka kuma gaya wa manajanka, duk ranar da jirginmu ke waje, ina nan tafe."