Takobin Tsoho Tilred

Ranar da maigida Osmod ya yanka shanu don bikin girbi, zaurensa ya cika maƙil, ƙahonin giyar zuma na yawo hannu zuwa hannu. Tilred, tsohon mayaƙi, ya matso kusa da mawaƙi Deorlaf don kada kalma ta wuce shi.

Deorlaf ya kaɗa molo, ya ɗauko waƙar jarumin da ya bi dodo har cikin fadama, la'ananne mai cin mutane, wanda ya tsani jin dariyar 'yan Adam. Da aka kai inda takobin jarumin ya karye, sai Tilred ya zabura, ya zare nasa ya dangwarar bisa tebur.

"Ɗana," ya ce wa mawaƙin, "miƙa masa nawa, kada mugun nan ya cinye shi!"

Zaure ya kece da dariya. "Baba, zauna, ka zubar mana da giya!" in ji wani.

Deorlaf ko tsayawa bai yi ba. Ya ɗaga murya, ya rera cewa wani dattijo mai suna Tilred ya kutsa cikin laka ya miƙa takobi, sara ɗaya kan dodo ya faɗi.

Dariya ta koma ihu, mazaje na dukan garkuwa. Osmod ya cire munduwar zinariya ya jefa wa mawaƙin. Tilred ya zauna yana haki, hawaye na bin gemunsa, yana faɗa wa na kusa da shi, "Ai na san takobin nan ba zai ba ni kunya ba."