Abin da Za a Faɗa wa Ummulkhairi

Yara saba'in da 'yan kai ne a ajin Malama Taiba, aji biyu na wata firamare a Damri. A cikinsu akwai Ummulkhairi, wadda ba ta ji. Sanƙarau ya kama ta tana shekara uku. Ta warke, amma kunnuwanta suka toshe, 'yar maganar da ta fara yi ma ta ɓace. Yanzu shekarunta takwas. Takan zauna a ƙarshen tabarma kusa da taga, ta kwafe duk abin da ke allo da kyakkyawan rubutu, ba tare da ta san ma'anar ko harafi ɗaya ba.

A farkon zango wata ƙungiya ta tara malamai a Talata Mafara kwana uku, ta ba kowace makaranta kwamfutar hannu guda da ɗan faifan sola na caji. Taiba ce ta wakilci makarantarsu, don haka a ajinta aka fara amfani da ita. Waƙoƙin haruffa ne a ciki da gajerun labarai. Takan ɗaga ta sama, murya ta fito, yara su amsa har ajin kusa su leƙo. Duk darasin na kunne ne. Ummulkhairi sai dai ta bi bakin 'yan'uwanta da kallo.

Wata rana da aka fita tara, Taiba ta ɗauki kwamfutar ta tafi gindin tankin ruwa, inda nan kaɗai sabis ke kamawa a makarantar. Ta yi ta lalube har ta faɗa kan bidiyon wata mata da ke koyar da maganar hannu, darasi bayan darasi. Ta yafito yarinyar.

Haka suka fara, su biyu duk ɗalibai. Su kalli matar, su kwaikwayi hannunta, sai Taiba ta nuna abin da ake nufi, sannan ta rubuta sunansa a ƙasa da tsinke. Ruwa, ta nuna tanki. Akuya, ga su nan suna kiwo a filin ƙwallo. Ranar da Ummulkhairi ta gane cewa zanen da take kwafewa shekara biyu sunayen abubuwa ne, ta ja hannun Taiba ta zagaya da ita makarantar kaf, tana taɓa ƙofa, tana taɓa dalbejiya, tana jiran a rubuta. Cikin wata biyu sun haɗa kalmomi kusan arba'in: littafi, abinci, uwa, uba, zo, tafi, ina.

Daga nan sabis ya ɗauke. Aka ce masu kai wa injin ƙarfen sabis mai sun daina bin hanyar saboda 'yan bindiga. Bakura ma, inda Taiba take kwana, sai ya leƙo ya koma. Waƙoƙin haruffa suna nan don a cikin kwamfutar suke, amma matar mai maganar hannu ta tafi da sabis. Suka ci gaba da juya arba'in ɗinsu.

Ana cikin haka naƙuda ta kama Larai, mahaifiyar Ummulkhairi, da hantsi, yarinyar tana makaranta. Aka wuce da ita asibiti a Mafara. Ita da abin da ke cikinta ba wanda ya rayu, aka yi musu sutura a can wurin danginta. Ummulkhairi ta dawo gida ta tarar da mata cike da tsakar gida suna kuka. Kowa ya rungume ta, kowa ya shafa kanta, ba wanda ya iya gaya mata komai.

Bayan sadakar bakwai mahaifinta, Malam Yahaya mahauci, ya zo makaranta ya tsaya a bakin aji. Taiba ta fito, suka gaisa.

"Ya ƙarin haƙuri, Malam?"

"Da godiya, Malama. Allah ya ba da lada."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin, amin." Ya murza hularsa. "Malama, kan ɗiyar ga na taho. Kullum tana bakin zaure. In babur ya tsaya sai ta ruga. Ta riƙe min riga tana yi min wani abu da hannu, ni ban san mi take cewa ba."

Ya kwatanta da yatsunsa masu kauri. Taiba ta gane. Uwa, ina.

"An ce ke kina magana da ita," in ji shi. "Don Allah ki gaya mata. Ni na kasa."

Taiba ta ce to, don ba ta ga yadda za ta ce a'a ba. Bayan ya tafi ta bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya a ranta. Tana da uwa, tana da tafi. Amma da alamar tafi suke sallama kullum in an tashi, kuma gobe su dawo. In ta ce uwa ta tafi, ƙara wa yarinyar zaman zaure kawai za ta yi.

Ranar Talata ta nemi izinin hedimasta ta hau kabu-kabu zuwa Mafara da kwamfutar a jaka. Kasuwa na ci, ta kutsa har rumfar Ɗanlami mai cajin waya, wanda ke tura wa mutane karatu da waƙoƙi. Ta roƙe shi ya sauke mata darussan duka a ciki. Ya juya kwamfutar, ya danna nan, ya danna can.

"Malama, an kulle ta. Kallo za ki iya, ajiyewa sai da lambar sirrin waɗanda suka ba ku."

Ta kira lambar jami'in da ya horar da su. Ya ce aikin ya ƙare tun watan jiya, shi ma yana gida. Tata wayar kuwa ƙarama ce mai madannai.

Ɗanlami ya ba ta benci. Ta zauna cikin ƙarar janareta ta nemo kalmar mutuwa. Matar ta shimfiɗa hannu biyu, ɗaya tafin yana kallon sama, ɗaya yana kallon ƙasa, sannan ta juya su a tare. Shi ke nan. Taiba ta maimaita kallo ya fi sau ashirin, tana gwadawa a ƙarƙashin hijabi.

Washegari da tara ta kai Ummulkhairi gindin tanki. Yarinyar ta ga sabon darasi ya zo bayan makonni, fuskarta ta washe a karon farko tun rasuwar. Taiba ta shimfiɗa hannu ta juya. Ummulkhairi ta yi daidai a gwajin farko. Sai ta waiga dama da hagu tana neman abin da za a nuna mata, kamar yadda suka saba. Ta nuna bokiti. Taiba ta girgiza kai. Yarinyar ta nuna katanga.

Taiba ta yi alamar uwa, ta bi ta da sabuwar. Yarinyar ta kwaikwaya, ta ƙara da tata tambayar: ina? Taiba ta rufe ido ta langaɓar da kai. Ummulkhairi ta yi dariya, ta ɗora kunci a kan hannu, wato barci, ta miƙo mata tsinke ta rubuta.

Taiba ta karɓi tsinken ta kasa rubuta komai. Hawaye suka zubo mata. Yarinyar ta tsaya tana kallonta, dariyar ta gushe. Ta ɗauka ita ce ta yi kuskure. Ta gyara tsayuwa, ta shimfiɗa hannayenta a hankali, ta juya su da kyau, ta sake, ta sake, tana duban fuskar malamarta ko yanzu ta yi daidai. Aka kaɗa ƙararrawa suna nan a haka.

Da aka tashi, Malam Yahaya na jira a bakin makaranta.

"Ta gane, Malama?"

"Na gwada, Malam. Ban sani ba. Ina jin ba ta gane ba."

Ya gyaɗa kai, bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce dama yana son ya shaida mata, jibi zai kai yarinyar Maradun wurin mahaifiyarsa, don shi yana wuni kasuwa, gidan ba kowa. Taiba ta tambaya ko za a sa ta makaranta a can. Ya ce zai yi magana, amma tsohuwar ba ta son yara suna nisa da gida a wannan hali da ake ciki.

Ta roƙe shi ya ɗan dakata. A tsaye a nan bakin hanya ta koya masa ruwa, abinci da ciwo. Yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa, Ummulkhairi ta kama su tana gyara masa. Ya riƙe biyu, ta ukun ta kuɓuce masa kafin ya tayar da babur.

Ranar Juma'a suka tafi. Wata huɗu bayan haka aka gyara sabis. Taiba ta nemi lambar wani a gidan na Maradun, ta kira, tsohuwar ta ce yarinya lafiyarta ƙalau, tana cin abinci, tana taya ta tsince gyaɗa. Tsohuwar ta ce ko a miƙa wa yarinyar wayar ne su gaisa, sai ita ma ta tuna ba ta ji, ta yi salati, suka yi sallama.