Wayar da Ba Ta da Ramin Sim

Wandoo ta shekara shida tana yi wa mutane rajistar layin waya a ƙarƙashin wata laima a Bukan Sidi, dab da shagon Kolo mai gyaran waya. Wata Talata da hantsi, wani dattijo mai suna Ortese, manomin doya daga Agyaragu, ya sauka daga kan mashin ya miƙa mata sabuwar waya a cikin kwalinta. 'Yarsa ce ta aiko masa daga ƙasar waje.

"A sa mini layi," in ji shi.

Wandoo ta juya wayar gaba da baya, ta bi gefenta da farce. Babu inda sim zai shiga. Ta kira Kolo, shi ma ya duba, har da ɗauko gilashin aikinsa.

"Baba, wannan ba ta cin sim," in ji Kolo. "Na ji ana cewa masu ƙera wayar ne za su riƙa ba da sabis da kansu. Ka sayi waya, layinka na ciki." Ya dubi Wandoo. "Madam, ki fara neman wata sana'a."

Ba ta yi dariya ba. Ta nuna wa Kolo dogon ƙarfen sabis da ke bayan layin shaguna.

"To su zo su kafa irin wancan a Agyaragu. Wa zai zuba wa janareta mai? Wa zai yi gadi?"

"Haya za su karɓa daga masu shi," in ji Kolo.

Ortese dai ya ce shi so yake ya ji muryar 'yarsa kafin ya koma gona.

Wandoo ta naɗe laimar, ta raka shi ofishin kamfanin layin da take yi wa aiki. Wata ma'aikaciya ta ce da sabon tsarin layi marar kati irin wannan waya take aiki. Ta haska wani ɗan zane a takarda da kyamarar wayar, nan take sandunan sabis suka fito a fuskarta. Wandoo ta tambaye ta ko da gaske ne masu ƙera waya za su buɗe nasu layin. Matar ta ce ba a aiko musu da takarda a kan haka ba.

A bakin ƙofa Ortese ya kira 'yarsa, suka yi ta magana da yaren Tibi. Wandoo ta koma ciki ta tambayi ranar da ake koya wa wakilai irinta sabon tsarin. Aka ce Alhamis, ƙarfe tara. Ta rubuta sunanta, ita ce ta huɗu.