Ɗangalallun Wanduna Arba'in

"Mama, me ya sa in kin shigo shago kike murya irin ta maza?"

'Yata ce mai shekara huɗu, kuma a gaban ma'aikatana ta faɗa. Mai guga ya tuntsire da dariya, na galla masa harara ya haɗiye.

Ba ƙarya ta yi ba. Da aka bar mini shagon, matar da ta koya mini ɗinki ta ja mini kunne: "Ke yarinya ce, in kika yi sanyi za su hau kanki." Ita da tsawa ta riƙe teloli shekara ashirin, kuma tsawar ta karɓe ta. Ni ko kaza ban iya kora ba. Amma na ɗaure fuska na kafa doka: abin da na rubuta a takardar awo shi za a yanka, ban son musu.

Sai muka samu aikin kayan makarantar su 'yata. Ina rubuta awo tana jan zanena tana kukan yunwa, na sa tsawon wandon 'yan aji ɗaya a gurbin na 'yan aji uku. Baba mai yanka, wanda ya girmi mahaifina, ya duba takardar ya ɗago.

"Ranki ya daɗe, wannan fa..."

"Baba, me na ce?"

"Shi ke nan." Ya ɗauki almakashi.

Wando arba'in! Ranar gwaji yaran suka jeru, ƙwauri duk a waje, kamar masu shirin tsallake kwata. Shugabar makarantar ta ba ni kwana huɗu, in ba haka ba ta kai aikin wani wuri. Abin da ya fi ci mini rai, 'yata za a riƙa nunawa a bakin ƙofa: ga 'yar telar nan.

Ina komawa shago na ce, "Haba Baba! Ka gani ka yi shiru?"

"Na buɗe baki kika rufe shi. Na zaci almakashina kawai kike so."

Takaici ya zaunar da ni kan buhun ƙyalle. Da ƙyar na ce, "To, yanzu yaya za mu yi?"

Ashe tambayar suke jira. Baba ya ce a ƙara wa ƙafar wandon baki da yadi mai launin rigar, mai guga ya san inda za a samo yadin. Kwana uku muka gama. Shugabar ta karɓa tana yamutsa fuska, amma ta karɓa.

Ke da aka ɗora kan mutane, kar ki kwaso salon wata don ya yi mata aiki. Duba halinki, ki duba waɗanda ke ƙarƙashinki. In kika hana su musu, ranar da kika yi kuskure, cikin ladabi za su yanka miki shi sau arba'in.