Bakin Mamuda

Mamuda makanikin injin jirgin ruwa ne a bakin tafkin Wara, kuma shi ke tura hasashen yanayi a zauren WhatsApp na masu jirage. Ranar kasuwar tsallake da safe ya tura hoton taswira mai jan tabo, ya rubuta cewa iska mai ƙarfi na tafe bayan la'asar, kowa ya dawo da wuri.

Maikuɗi, mai babban jirgin katako, ya amsa da saƙon murya. "Wancan makon ma haka kac ce, ko yayyahi ba a yi ba. Wayarka ta hi mu sanin ruwan ga?"

Wasu suka yi dariya, wasu suka goyi bayan Mamuda. Gardama ta koma zagi. Mamuda ya fusata ya rubuta: "To ka tsaya, za ka gani." Dudu, ƙanen Maikuɗi, ya cire shi daga zauren.

Sauran jirage sun dawo tun azahar. Maikuɗi bai taso ba sai da kasuwa ta watse, ya cika jirgi da mata 'yan kifi da buhunan shinkafa. Suna tsakiyar ruwa gabas ta yi baƙi. Iskar ta fizge rufin rumfuna a gaɓa, ta karya rassan mangwaro. Daga inda Mamuda yake tsaye ya ga igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta buga shi a kan wani kututturen itace. Katakon ya tsage, jirgin ya kife.

Masunta suka shiga da kwale-kwale, Mamuda na cikinsu. Suka yi ta jawo mutane, wasu da rai, wasu babu. Ba a ga Maikuɗi ba.

Mamuda na sauke wata mata mai suna Rahila a kan yashi, Dudu ya zo ta bayansa da filafilin tuƙa kwale-kwale. Bugun farko ya same shi a ƙeya, na biyu a muƙamuƙi.

"Kai kac ce zai gani," in ji Dudu. "Bakinka ya kashe shi."

Wasu samari suka taya shi da duwatsu. Mamuda ya dunƙule, jini na bin yashi. Rahila, da ko tsayuwa ba ta iya yi, ta rarrafo ta kwanta a kansa. Dutse ya fasa mata goshi, ba ta matsa ba.

"Shi ya hidda ni," ta ce. "Ku kashe mu tare."

Sai suka ja da baya.

An tsinci gawar Maikuɗi da safe cikin ciyawar gaɓa. Mamuda na asibiti a Yelwa, an ɗaure masa muƙamuƙi. Da 'yan sanda suka tambaye shi wanda ya buge shi, ya rufe ido bai nuna kowa ba. Da aka sallame shi bai koma Wara ba, ya aika aka kawo masa kayan aikinsa.