Launin Farko na Ɗakin Karatu

Da aka tashi mayar da tsohon ɗakin karatu na garin yadda yake ran da aka buɗe shi, sai aka rasa wanda ya san launin bangonsa na farko. Hotuna duk baƙi da fari ne, tsofaffi kuma kowa da tasa. Shugabar ɗakin karatun ta ce a kira yayanta, tsohon mai fenti. Launin da ya tono, shi za a shafa wa ginin duka.

Ya zaro 'yar wuƙa, ya zauna ƙarƙashin tagar gabas, ya fara kankare bangon a hankali. Fari ya tafi, kore ya fito, na shekarar da rufi ya yi yoyo aka shanya littattafai a rana. Sai ruwan ƙwai, na wani shugaba da bai karanta komai ba amma ya so a san ya zo. Garin fenti yana yawo cikin hasken hantsi, shi kuwa yana ji kamar kujerun suna cika da mutanen da suka daɗe da tafiya, har da tarin tsohon mai gadi.

Sai ga shuɗi. Wuƙar ta tsaya.

Shi ya shafa wannan, yana saurayi. Wata budurwa ce take zama nan kullum da littafi da shuɗin ɗankwali, ya kwana uku yana haɗa fenti har ya dace da ɗankwalin. Aikin mako ɗaya ya ja shi wata guda, wai bango bai bushe ba. Ya aure ta, shekara arba'in suka yi tare, bara ta rasu. Ya san akwai wani launi a ƙasa, tunda da hannunsa ya rufe shi. Kewarta ta taso masa.

Injiniyan gyaran ya sunkuyo da biro. "Baba, mun iso na farkon?"

"Mun iso," in ji shi, ko ido bai ƙifta ba. "Rubuta shuɗi."

Injiniya ya rubuta, ya fita. Ƙanwar, wadda ta san ɗankwalin sarai, ta matso.

"Haba Yaya, tarihi fa za a rubuta a allo. Me ke ƙarƙashinsa?"

Ya shafa bangon da tafin hannu.

"Ƙarƙashinsa ban san kowa ba, Auta."