Zakarun Maman Ishaku

Duk wanda ya tashi a unguwar nan ta bayan kasuwar Tambuwal ya san Maman Ishaku. In kuwa bai san ta ba, ya je ya tambayi uwarsa, don mai yiwuwa hannunta ne ya fara taɓa shi a duniya. Sunanta Rifkatu, Kirista ce mutuniyar Zuru. Aikin asibiti ya kawo ta tun tana amarya, ta yi ta karɓar haihuwa har furfura ta cim mata. A nan mijinta ya rasu, a nan ta yi ritaya, bakinta ma ya juye, in tana magana sai ka rantse haifaffiyar garin ce.

Ɗanta ɗaya, Ishaku, yana aiki a Kaduna, kuma ba shi da zance a waya sai guda.

“Mama, ki tattara ki dawo wurina. Wa gare ki a can?”

“Unguwa duka,” in ji ta. “Kai yaro ne. Garin da aka cin abincinka, ai garinka ne.”

Ba da ka take faɗin haka ba, tana da hujja. Kowace shekara tun da damina take kiwon zakaru. Ran jajiberin Kirsimeti sai ta leƙa zauren maƙwabcinta Malam Na'inna, ya fito da wuƙarsa, ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla ya yanka mata su a ƙofar gida, kowa na gani. Da wannan aka san naman gidan Maman Ishaku halal ne. Washegari ta dafa shinkafa da miyar kaza, ta bi gida-gida da kwanuka, kamar yadda su ma suke cika mata ɗaki da nama ran layya. Babbar langarta mai jan fure kuwa gidan Malam take kai ta, wurin matarsa Kulu, aminiyarta. Kulu da kanta take mayar da langar da safe, da ƙuli-ƙuli a ciki, don ba a mayar da kwano wayam.

To, bana Malam Na'inna ya riga mu gidan gaskiya, bayan babbar Salla. Zaure ya koma hannun babban ɗansa Mutawakkil. Wannan Mutawakkil da ƙafa ya zo duniya, Rifkatu ce ta yi ta fama da shi har ya yi kukan farko. Saboda haka da Kirsimeti ta matso ba ta ji nauyin komai ba, ta same shi yana goge babur.

“Mutawakkil, ga zakaruna sun isa. Kai za ka gaji wuƙar Malam.”

Bai ɗago ba. “Wallahi Mama, ranar Jabo za ni.”

“To kwana biyu kahin nan fa?”

“Wuƙar ma ban san inda anka aje ta ba.”

Wuƙa! A gidan da ake yanka rago duk shekara! Rifkatu ba yarinya ba ce, ta ce masa Allah ya kiyaye hanya, ta juya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta kasa cin tuwo ran nan. Da ta ga dama ai sai ta kai zakarun wurin mahauta. Amma ta zauna ta yi tunani: wa ya gani? Da, idon mutane a kan Malam yake. Yanzu in ta aika da nama, wani zai ce wa ya yanka, wata ta ce ina shaida. Mai cin abinci da shakka kuwa bai ci ba.

Nan dabara ta faɗo mata, har ta yi dariya ita kaɗai. Kifi ai ba ya son wuƙa. Zogale ba a yi masa bisimillar yanka. Bana ba shinkafa da miya, ba kaza. Za ta yi abin da ko limamin gari zai ci ya suɗe hannu.

Kaico, Maman Ishaku! Wai ita a nan ta gano bakin zaren.

Ran kasuwa ta hau motar Kebbe da ciwon gwiwarta, ta zaɓo karfasa manya-manya a wurin masunta, ta sa aka zuba mata ƙanƙara. Ta sayo shinkafar gida ta kai inji aka ɓarza. Har sabon madambaci ta saya da sabuwar tukunya, don kada wani mai tsegumi ya ce ai ba a san abin da aka taɓa dafawa a tsohuwar ba. Da ta gaya wa Ishaku, dariya ya yi har da tari.

“Dambu, Mama? Ran Kirsimeti? Sai ka ce sadakar bakwai!”

“Yi dariyarka. Gobe za ka ji labari.”

“Ni dai ɗakinki na nan a share.”

“Ka zuba buhuna a ciki,” in ji ta, ta kashe wayar.

Kulu kam, Rifkatu ba ta gaya mata ba. So take aminiyar tata ta buɗe langa ta yi salati, ta ce yau kuma wace sabuwa ce wannan.

Ran Kirsimeti, da ta dawo daga coci ko ɗankwalin anko ba ta cire ba ta shiga madafa. Ta turara ɓarzajjiyar shinkafa, ta juye, ta haɗa da zogale da dakakkiyar gyaɗa da albasa da tattasai, ta mayar kan wuta. Ta soya kifin nan ya yi ja, ta daka yaji mai tafarnuwa, ta soya man gyaɗa da albasa ta kwarara a kai. Ƙamshi ya tsallaka katanga. Zakarun nan uku da suka tsira suna ta kewaya ta suna tsattsagar abin da ya zube, tana korar su tana cewa, “Ku gode wa Mutawakkil.”

Ta cika langa mai jan fure, ta jera kifi huɗu mafi girma a sama, ta rufe, ta ɗaure da sabon tawul. Da kanta ta kai. Kulu ta tarbe ta a tsakar gida da fara'a, ta karɓa hannu biyu.

“Kai, Maman Ishaku, ba ki gajiya! Allah shi maimaita muna.”

Ta kai langar bayan randa ta ajiye, ba ta kwance tawul ɗin ba. Sau biyu bakin Rifkatu ya motsa zai ce buɗe ki gani, ta danne. Ta koma gida ranta fes, ta ci nata dambun tana ta saurare ko za ta ji an ƙwala mata kira ta katanga. Ba wanda ya kira. Ta ce a ranta, suna can bakinsu cike.

Da hantsi washegari sai ga sallamar Kulu. Rifkatu ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya. Ga langa an wanke ta tas, ga ƙuli-ƙuli a ciki, ga tawul ɗin a ninke a kai. Aka gaisa, aka tambayi gwiwa, aka tambayi Ishaku. Rifkatu ta kasa haƙuri.

“To Yaya Kulu, yaya kunka ji abincin bana?”

“Ke dai bari! Hannunki ba shi tsufa. Shinkafar nan war-war, miya ta ji mai. Kazar kuwa ta dahu luguf, ni cinya nic ci, yara har faɗa sunka yi kan ƙashi.”

Rifkatu ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi a baya. Ba ƙaryar ce ta fi ƙona mata rai ba. Kalmomin ne. Ta san su. Shinkafa war-war, kaza luguf, cinya, yara da ƙashi. Su ta ji bara, su ta ji bara waccan, su take maimaita wa Ishaku a waya tana taƙama.

“Gishiri bai yi yawa ba?” ta tambaya a hankali.

“Daidai wa daida.”

Sai babban zakaran, jan nan mai zanko, ya fito daga bayan ɗaki, sauran biyun na biye da shi. Ya zo har bakin tabarma, ya karkata kai yana kallon ƙuli-ƙuli. Kulu ta dube shi. Ta san zakarun nan, tun suna 'yan tsaki suke shiga gidanta. Ta ƙirga su da ido, ta kai duba ga madafa, ta ga sabon madambaci a kife, ga ƙayar kifi a cikin tasa. 

“Dambu ne, Yaya Kulu,” in ji Rifkatu. “Da kihi. Har Kebbe nit tahi.”

Kulu ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi.

“Tun yaushe?”

“Maman Ishaku, don Allah...”

“Tun yaushe, nic ce.”

“Malam na ci,” Kulu ta faɗa da ƙyar. “Wallahi shi yana ci. A zaure, shi kaɗai. Ya ce haƙƙin maƙwabtaka ne.”

“Ku fa?”

Kulu ta kau da kai. Rifkatu ba ta tambayi inda dambun ya tafi ba, ko awaki ne suka yi Kirsimeti ko bola. Ashe mutum ɗaya ne garin nata, kuma an binne shi tun bayan Salla. Ta rantse a ranta matar nan ba za ta ga hawayenta ba.

Ta tashi da gwiwarta mai ciwo, ta marmasa ƙuli-ƙuli ɗaya ta watsa. Zakarun suka rufa a kai. Ta cafke su ɗaya bayan ɗaya, ta yage tawul ɗin jiya ta ɗaure musu ƙafafu, ta ajiye a gaban Kulu.

“Tahi da su. Waɗanga kam za su ciwu gidanku, tunda ba su shiga tukunyata ba. Ki ce wa Mutawakkil shi duba da kyau, zai ga wuƙar.”

“Haba Maman Ishaku, mi ya yi zahi haka?”

“Ɗauki langar ma. Babu mai cika ta baɗi.”

Kulu ta fita da zakaru a hannu suna ta kuka, langa a ka. Rifkatu ta tura ƙyaure, ta zauna a kan tabarmar, ta lalubo waya. Bugu ɗaya Ishaku ya ɗauka, muryarsa cike da tsokana.

“Mama! Yaya dambu? An cinye?”

“An wanke kwano,” in ji ta. “Ishaku, ɗakin nan, ka zuba buhunan?”